Gwangwanin Waken Surukina

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi surukina ya riga mu komawa, ranar wata Talata cikin daminar nan da ta wuce, bayan an sauko daga sallar la'asar. Kafin magariba labari ya zaga Agege. Washegari rabin teburan mayanka a kife suka wuni, domin mahauta sun ce ba za su riƙe wuƙa ba ranar da ake binne mai kayan ciki mafi tsufa a cikinsu. Matan Yarbawa da suka shekara da shekaru suna sayen tumbi da hanji a hannunsa suka zo tun daga Ebute Metta, suka zube a ƙofar gida suna kuka irin nasu mai sauti, suna kiran "Baba onishaki", wato Baba mai tumbi. Matanmu suna ta ba su haƙuri cikin Yarbanci, suna cewa mamaci ba ya son kuka, alhali su ma hawayen suke yi. Liman ya ce shekara arba'in bai taɓa jin an mayar wa mutumin nan da nama ba. Amininsa, wanda suka sauka daga jirgin ƙasa tare tun suna samari, ya zauna a gefen tabarma da carbi, ko gaisuwa da kai yake amsawa.

Ranar sadakar uku sai ga wasu maza huɗu da wata tsohuwa, kowa riƙe da gwangwanin madara, suka ce a miƙa wa Amarya. Ni ce Amaryar. Shekara goma sha uku ina auren ɗansa, na haifi biyar, amma haka yake kirana har ya bar duniya. Gwaggon maigidana, da ta zo daga gida don zaman makoki, ta leƙa gwangwanayen ta ga wake ne fari da ja, ɗan kaɗan a kowanne, ta taɓe baki.

"Su mutanen Ikko haka suke sadaka? Wannan ai ko ƙosai biyar ba zai yi ba."

Na yi dariya har na ƙware, daga nan kuma kuka ya ƙwace mini. Ba wanda ya gane dalili a ɗakin, kuma ban iya bayani a ranar ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, don jikokinsa su san wane ne kakansu, su kuma san abin da waken nan yake nufi.

Baba mutum ne siriri, mai saurin tafiya, mai ƙarancin magana. Sana'arsa ita ce wadda sauran mahauta suke gudu: wanke kayan ciki. Yakan ɗaga hanji sama ya duba shi a hasken rana kamar mai sayen yadi, in ya ga tabo ko kumburi sai ya jefar, ko da mai saniyar zai yi kwana uku yana zaginsa. Yakan ce, "Dabba tana iya ɓoye ciwo a ƙarƙashin fata, amma hanji ba ya rufa wa kowa asiri." In ya tashi daga aiki sai ya goge hannu da toka da lemon tsami har sau uku, ya sayi burodi mai zafi a bakin titin jirgi, ya shigo yana raba wa yara. Guntayen da suka rage a tebur kuwa akwai zawarawa uku a layinmu da suka san nasu ne, ba sai sun tambaya ba.

Ni haifaffiyar Agege ce, na yi boko, ina jin Yarbanci kamar Hausa. Da aka kawo ni gidan, dangin maigidana na can gida suka yi ta tsegumi wai an ɗauko 'yar Legas, idonta a tsaye, ba za ta san kunyar suruki ba. Maganar ta zo kunnena, ta kuma yi mini ciwo. Baba bai ce wa kowa komai ba. Sai dai duk Juma'a, tun daga cikina na fari, zan tarar da ƙunshin hanta a rataye a ƙusar ƙofata. Ni kuma na ɗaura ɗamarar nuna musu cewa 'yar Legas ta fi su kunya. Ban taɓa kallon fuskarsa ba, ban taɓa cin abinci yana gani ba, in mun yi kiciɓis a lungu na durƙusa na juya kai bango. Gidan haya ne mai ɗakuna fuska da fuska, banɗaki ɗaya a can baya, amma haka muka shekara goma kamar akwai katanga tsakaninmu. Uwar maigidana ta rasu tun kafin aurenmu, don haka abincinsa da wankinsa duk a hannuna suke.

A shekarar da soja suka miƙa mulki fitsari ya fara yi masa wuya. Aka yi na gargajiya, aka yi na kemis, a ƙarshe babban asibiti suka ce ciwon daji ne a ƙasan mafitsara, irin wanda yake kama tsofaffin maza. Suka ce za a yi masa gashi: zai kwanta a ƙarƙashin wani inji da yake harba hasken da ido ba ya gani, kullum banda Asabar da Lahadi, har mako shida. Maigidana yana aiki a wani sito a Ilupeju, in ya yi fashin mako shida sai dai ya tarar da wani a gurbinsa. Ga shi kuma ɗan fari ne, tsakaninsa da uban akwai tasu kunyar. Likitar kuwa yarinya ce daga gabas, ba Hausa ba Yarbanci, shi kuma Yarbancin Baba na ciniki ne kawai. Da aka duba aka duba, babu mai raka shi sai ni.

Ranar farko likitar ta zana mana hoto a takarda. Ta ce hasken ba zai kai ga ciwon ba sai ya ratsa kusa da hanji, kuma fatar cikin hanji ba ta jure shi, tana iya saluɓewa. Na fassara kaina a sunkuye. Baba ya gyaɗa kai, ya ce, "Gaya mata na gane. Mu ma in ruwa ya cika zafi haka hanji yake yi mana." Ta kawo magunguna kashi uku. Akwai wani fari mai kauri kamar koko, a sha kafin abinci, wai yana shafe cikin hanji ya zame masa riga. Akwai ƙwayoyi ruwan goro masu hana kumburi, ta ce kada ya tsorata in fitsarinsa ya koma kalarsu. Sai wasu ƙanana na tsayar da gudawa, waɗanda ta ce ita za ta riƙa ƙarawa ko ragewa, gwargwadon abin da ya gaya mata. Ta hana shi yaji da madara da wake. Sannan ta ɗaga yatsa ta ce duk ranar Litinin za ta tambaye shi sau nawa yake zagayawa, kuma ko akwai jini.

"In hanjin ya lalace, dole in tsayar da gashin," in ji ta. "In na tsayar da gashin, ciwon zai ci gaba da tafiyarsa. Don haka ina son gaskiya."

Na fassara wannan ma, sai dai na tauna kalmomin har da ƙyar suka fita. Wa ya taɓa jin suruka tana tambayar surukinta zagayensa?

Mako biyu na farko lafiya. Mukan fita da sassafe, mu hau danfo biyu, wato ƙananan motocin haya, shi a gaba kusa da direba, ni a can baya. An yi masa alama da tawada a mara aka ce kada ya wanke, abin da ya fi damunsa ke nan, har sai da liman ya tabbatar masa wankansa ya yi. Cikin mako na uku na lura Baba ya daina bi ta gaban murhuna da buta. Sai dai ya zura takalmi ya nufi masallacin layinmu, ya dawo, jim kaɗan ya sake fita. Maƙwabta suka fara yabo, wai tsoho ya ga ciwo ya koma ga Allah gaba ɗaya. Ni da nake wanke kayansa, nake kuma ɗauke kwanon tuwonsa kamar yadda na ajiye, na san ba nafila yake zuwa yi ba. Banɗakin masallaci yake zuwa, don kada in ƙirga. Na ƙirga kuwa. Wata rana sau tara ya fita tsakanin hantsi da la'asar.

Litinin ta zo, likita ta yi tambayarta, na juya ta Hausa ina kallon yatsun ƙafata.

"Lafiya lau," in ji Baba. "Alhamdu lillahi."

Na ce wa likita ya ce lafiya lau. Ta rubuta, ta bar maganin yadda yake. Litinin ta gaba ma haka aka yi. Ina sane, bakina ne ya ɗauki maganar ya kai. Na gaya wa kaina cewa ni tafinta ce, abin da aka ce shi zan faɗa, kuma ai ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji a ce 'yar Legas ta tona asirin surukinta a gaban bare. Wannan abu har yau in na tuna sai na ji kunyar da ta fi waccan.

Ranar Laraba ta mako na biyar muka sauka a Oshodi za mu canja mota, rana tsaka, mutane kamar an yi ɓarin gero. Na ga Baba ya tsaya, ya dafa ƙarfen gada, ya sulale ya zauna a ƙasa. Da na matso sai na ga bayan farar rigarsa ya ɓaci, har da jini. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Na cire mayafina na ɗaura masa a ƙugu, na tsaya daga ni sai ɗankwali a tsakiyar kasuwa, na yi wa wani kwandasta magana da Yarbancin da ban san ina da shi ba, har ya sauke fasinjojin gaba ya kai mu asibiti kai tsaye.

Leda huɗu ta ruwa aka ƙara masa. Likitar ta ja ni waje, ranta a ɓace.

"Ke ce bakinsa. Me kika riƙa gaya mini?"

"Abin da ya ce."

"Abin da kika gani fa?"

Ta ce ta dakatar da gashin na mako guda. Ta ce da an gaya mata tun farko, ƙwaya biyu za ta ƙara, da ba a kai nan ba. In ya dawo hanjin bai lafa ba, ko aka sake ɓoye mata, ta rufe fayil ɗinsa ke nan, domin ba za ta kashe shi da hannunta ba.

Da aka sallame mu, amininsa ya zo dubiya ya zauna a bakin ƙofar ɗakin, Baba yana ciki bayan labule. Na kawo ruwa na durƙusa. Maimakon in tashi, sai na ji bakina ya buɗe, da murya yadda na ciki zai ji.

"Baba, ku gaya wa amininku, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Shi ne yake cewa hanji ba ya rufa wa kowa asiri, ga shi nasa ya tona mu a Oshodi. Likita ta ce in aka sake yi mata ƙarya ta bar gashin. Jikokinsa huɗu, na biyar yana hanya. In kunyata yake ji, to ni na fi son ya rayu yana jin haushina da a ce ya mutu yana ganin mutuncina."

Aminin ya zaro ido, ya ce, "Subhanallahi, 'yar nan." Na koma ɗaki, na tabbata na rushe abin da na shekara goma ina ginawa, kuma gobe labari zai kai gida cewa dama sun faɗa.

Da safe na buɗe ƙofa na ga gwangwanin madara a ƙasan ƙusar da ake rataye mini hanta. Muryarsa ta fito daga ɗakinsa, a hankali, kamar da bango yake magana.

"Amarya, ga saƙon likita. Tunda ta hana ni cin wake, na ba shi wani aikin. Fari, fita ɗaya. Ja kuwa, kin gane."

Na zazzage a tafin hannuna. Fari goma sha ɗaya, ja uku. Na daɗe ina kallon jajayen nan, domin na san abin da tsohon ya haɗiye kafin ya jefa kowanne a ciki.

Daga ranar kullum da safe gwangwani yana jirana. Nakan ƙulle waken kowace rana daban a gefen wani tsohon ɗankwali, in mayar masa da gwangwanin wayam. Ranar Litinin na shimfiɗa ɗankwalin a teburin likita na kwance ƙulle-ƙullen ɗaya bayan ɗaya, na yi mata bayani. Baba yana zaune yana kallon silin kamar ba da shi ake ba. Ta dubi waken, ta dube shi, ta kira nas-nas biyu su zo su gani. Ba ta yi masa tambaya ko ɗaya ba. Ta ƙara ƙananan ƙwayoyin, ta ce a ci gaba da farin maganin da masu ruwan goro, ta kuma haɗa shi da wani nas namiji ya koya masa yadda zai riƙa sa wani maganin ta ƙasa da kansa saboda jinin. Aka koma gashi.

Ban taɓa sanin mutum zai iya jin daɗin ganin wake ya ragu ba sai a lokacin. Takwas, bakwai, biyar. Jan ya koma ɗaya, ya ɓace kwana biyu, ya dawo, na kasa cin abinci ranar, sannan ya tafi bai sake dawowa ba. Baba ya koma bi ta gaban murhuna da butarsa, ni kuma in juya kai bango kamar da. Maƙwabta suka ce tsoho ya ji sauƙi ya rage ibada. Ranar da aka yi masa gashi na ƙarshe wake biyu ne a gwangwanin. Ya sa aka wanke tumbi da hanji tas, da hanta guda, ya kai wa likitar a cikin kula. Ya ce in gaya mata ta duba da kyau, ba tabo ko ɗaya.

Shekara uku Allah ya ƙara masa bayan nan. Ya koma mayanka, ko da yake a zaune yake aiki yana nuna wa na baya. Ya ga saukar karatun babbar jikarsa. Cikin da nake ɗauke da shi na haifi namiji aka sa masa sunansa, abin da ya jawo har yau ba na iya kiran ɗana da sunan yanka. Labarin Oshodi kuwa bai taɓa fita daga bakinsa ba, maganar da na yaɓa masa ma ba ta kai gida ba. Hantar Juma'a ta ci gaba da zuwa.

A shekarun nan uku duk Bahaushen da aka rubuta wa gashi a ciki ko a mara, daga Agege har Mile 12, sai a ce ya je ya ga Baba mai kayan ciki. Shi da ba ya magana, sai ga shi yana zaunar da mutum yana yi masa karatu. Na sha jin sa ta taga yana cewa, "Wutar babbaka ba ta tambaya, mai babbakar ne yake kula. Ka sha maganin hanjinka a kan lokaci, kada ka ba maƙwabci don ya ce cikinsa yana ciwo. In ba za ka iya faɗa da baki ba, ga wannan." Sai ya miƙa masa gwangwani da wake kala biyu. Wasu sun warke, wasu sun riga shi tafiya. Biyar daga cikin waɗanda suka rage su ne suka zo ranar sadakar uku.

Ciwon ya dawo masa ta ƙashin baya a farkon damina, bai kuma ja shi da nisa ba. Har ya cika hanjinsa lafiya lau, yana shan kununsa. Na gode wa Allah da ya ba mu shekarun nan, na gode wa yarinyar likitar da ta yi mini faɗa, na gode wa duk wanda ya zauna ya haɗa farin maganin nan mai kama da koko, ko da ban san shi ba.

Ranar bakwai, bayan mutane sun ragu, amininsa ya yi sallama a ƙofata. Shi ne ya yi masa wanka. Ya miƙo mini wani ɗan ƙulli a tsumma, ya ce a aljihun 'yar cikinsa ya same shi, kuma tun kafin rasuwar an ba shi saƙon da zai haɗa da shi. Na kwance. Jan wake ne guda uku, sun bushe sun yi baƙi-baƙi.

"Ya ce na ranar farko ne, a teburin likita ya tsince su," in ji aminin. "Ya ce in roƙar masa ke gafara. Wai Litinin biyu ya sa ki faɗa wa likita abin da ba shi ne ba, ke ba ki sani ba, ya ɗora miki ƙarya a baki. Ya ce abin ya tsaya masa a rai, kuma ba zai iya faɗa miki da kansa ba."

Na ce na yafe, duniya da lahira. Tsohon ya share ido ya juya zai tafi, sai na kira shi.

"Baba, na sani fa. Tun ranar farko na sani. Ina ƙirgawa."

Ya tsaya ya juyo. Sannan ya ce, "To ai shi ya tafi bai sani ba, 'yar nan. Sai ki roƙa masa Allah, ki haɗa da kanki."

Abin da nake yi ke nan bayan kowace salla. Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya makwancinsa, ya yafe masa Litinin biyun nan, ya yafe mini su. Waken ukun suna nan a gwangwaninsa, na rataye shi a ƙusar ƙofata.